Kakar da Na Ara a Korsika

Ni mutum ne mai baki, ba na musu. Duk wanda ya yi aiki da ni a kasuwar Rungis da ke gefen Paris, ɓangaren kayan lambu, zai gaya maka tun daga bakin motar kaya ake jiyo muryata. Na yi cacar baki da Larabawa, na yi da 'yan Mali, na yi da shugaban rumfarmu Bafaranshe har ya jefar da hularsa ƙasa don haushi. Amma akwai mutum guda a duniyar nan da in na hango shi harshena ke naɗewa, gwiwata ta nemi ƙasa da kanta. Surukina ke nan, mahaifin matata.

Matata ita ce 'yar farinsa, ko sunanta ba ya kamawa, to ina ga ni da na ɗauke ta? Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa kai loma baki a gabansa ba, ban taɓa ɗaga ido na dube shi sosai ba. In mun je Damagaram hutu, a bakin zaure nake tuɓe takalmi in durƙusa, ya ce, "Malam, an zo lafiya?" in ce, "Lafiya lau, Alhaji," mu bi gaisuwa har ta ƙare, sai kowa ya kama kallon tabarma. Haka muke, kuma daga ni har shi babu wanda abin ya dama.

Shekarar da aka haifa mana yarinya ta biyu ya zo Faransa. Mutane sun ɗauka suna ne ya kawo shi, alhali aiki aka yi masa a mafitsara, a Lyon, inda ƙanin matata ke tuƙin bas. Da ya fara jin sauƙi, lokacin komawa gida ya matso, sai ya ce abu ɗaya ya rage masa a ƙasar nan: yana so ya ga tsibirin Korsika. Wai yana saurayi ya yi wa wani Bature mai sayen gyada direba, mutumin tsibirin ne, kuma duk bazara in zafi ya gallabe shi sai ya kama zage-zage yana cewa su a garinsu duwatsu cikin teku suke tsoma ƙafa, iska kuwa ƙamshin ganye take yi. Alhaji ya ce shekara da shekaru yana so ya gani da idonsa ko ƙarya mutumin ke shara masa. Ni ke da mota, ƙanin matata ba shi da ita, matata kuma tana jego. Aka tsayar da magana: Juma'a in sauka Lyon, Asabar mu uku mu kama hanyar teku mu tsallaka, Lahadi mu juyo.

Ranar Alhamis da yamma ina shirya kaya a gidanmu na Sevran, bayan garin Paris, matata ta turo ƙofa ta rufe, ta zauna bakin gado da jaririya a kafaɗa.

"Zan gaya maka wata magana," ta ce. "Kana ji, ka manta."

"Wace irin magana ce ake ji don a manta?"

"Baba da roba aka sallamo shi. Bawalinsa a leda yake taruwa, an ɗaure masa ita a ƙwauri, ƙarƙashin wando. Sai an riƙa zubarwa. Shi ba ya iya sunkuyawa saboda ɗinki, hannunsa kuma ka san yadda yake kyarma. Ƙanina ke yi masa. In ka ga sun tashi su biyu, kada ka tambaya, kada ka bi su. Bai san na gaya maka ba, kuma in ya sani, wallahi ba zai shiga motarka ba."

Na ce ta kwantar da hankalinta, in dai kau da kai ne ai ta samu gwani.

Na bar Paris bayan an sauko daga masallacin Juma'a, na kwana a Lyon wajen wani abokina, don ba zan miƙe ƙafa a gidan da Alhaji yake kwance ba. Asabar muna idar da sallar asuba muka ɗau hanya. Alhaji a baya, cikin babbar riga fara da hula zanna, ƙanin matata a gefena yana ta zuba kamar kanyar da ba daɗi. Shi dai abokin wasana ne, da mu biyu ne da na ci masa fuska tun kafin mu fita gari, amma ranar sai na zama salihi, hannu biyu kan sitiyari. Duk inda muka tsaya a hanya sai ya ɗauki wata baƙar sakoshi, 'yar jakar ratayawa, ya ce, "Baba, mu je a yi alwala." Ni kuma in zagaya in kama duba tayoyi. Tun da na sayi motar nan tayoyinta ba su taɓa samun kulawa irin ta ranar ba.

Kafin azahar muka isa tashar jirgin ruwa ta Nice, muka shiga layin motoci. Ga jirgin nan tsaye, ya fi bene girma. Ma'aikaci ya zo ya ce kowa ya kawo takardar shaidarsa. Na miƙa tawa, Alhaji ya zaro fasfo daga aljihun gaba. Ƙanin matata ya laluba nan, ya laluba can, ya zazzage jaka, sai na ga goshinsa ya fara tsattsafo da gumi. Ashe katin zamansa yana can Lyon cikin wandon aiki. Ya nuna hoton katin a salula, ma'aikacin ya girgiza kai. Ya roƙa, ya haɗa da ranar haihuwa da lambar aiki, mutumin ya ce shi dai doka ce, ba kati ba shiga. Kai, ranar na zagi ƙanin matata da Faransanci ƙasa-ƙasa, zagin da ko a rumfa ban cika yi ba.

Ya juya baya ya ce, "Baba, sai dai mu koma. A sa wata rana."

Alhaji ya sauke gilashi ya daɗe yana kallon jirgin. "Wace ranar? Mako mai zuwa ina gida. Ga jirgi ina gani a ce in koma? Kai ka koma. Ni da Malam za mu je."

"Baba, ai..."

"Ai me?"

Yaron ya dube ni, ya dubi ubansa, ya haɗiye maganar. Ba zai iya faɗin dalilin a gabana ba, tun da ni wai ban sani ba. Ni ma ba zan iya goya masa baya ba, don da wane dalili zan hana suruki tafiyar da ya ƙwallafa rai a kanta? Mu uku kowa ya san abin da ake ciki, kowa ya yi gum, motocin baya suna ta danna mana oda.

Suka tafi alwalarsu ta ƙarshe. Da suka dawo ƙanin matata ya ja ni bayan mota ya danƙa mini baƙar sakoshin, yana magana da Faransanci da sauri. Ƙafar hagu ce. A ƙasan ledar akwai ɗan famfo, ƙasa ake danna shi. Kada a bar ta ta cika, likita ya ce in ta cika abin baya yake komawa, har ƙoda, daga nan sai zazzaɓi. Kuma dole ya sha ruwa da yawa. Ya ba ni lambar wani ma'aikacin jinya namiji a tsibirin, ya ce muna sauka in kira. Na ce masa in Allah ya dawo da ni lafiya sai na ɗinke masa katin nan a goshi.

Haka na shiga cikin jirgi da mota, ni kaɗai da surukina.

Na samar masa kujera kusa da taga, na bar kujera guda tsakaninmu na zauna. Da jirgi ya ɗaga na je na sayo burodi mai kifi da kwalbar ruwa babba, na ajiye a gefensa, na ce zan je in ga yadda aka ajiye mota. Na hau sama na cinye nawa a tsaye ina fuskantar teku. Da na dawo ya ɗan gutsuri burodin, amma kwalbar ko murfinta ba a murɗa ba.

"Alhaji, ga ruwa."

"Na ƙoshi, Malam."

Rana ta taga tana dukansa. Leɓensa ya bushe har ya yi fari. Na jira, na sake matsar da kwalbar da ɗan yatsa, ya sake cewa ya ƙoshi. Sai na gane dabararsa: ya hana kansa ruwa ne don kada ledar ta cika. Tsoho mai ɗinki a ciki, cikin zafin nan, ya zaɓi ƙishirwa a kan ya buɗe baki ya nemi abu a wurina. Na ji kunya ta rufe ni har wuya, amma ita ce kuma ta danne ni a kujera.

Salulata ta yi ƙara, matata ce. Na fita da gudu, don ba zan amsa kiranta a gabansa ba. Ƙaninta ya riga ya gaya mata komai.

"Ka yi masa mana!" ta ce.

"Ke ce fa kika ce in manta!"

"Wancan daban, wannan daban. Ubana ne, ka ji? Ubana ne."

"To in je in ce masa me? Alhaji, ɗaga wandonka? Ni? Ki gaya mini kalmar da zan fara da ita, wallahi in je yanzu."

Ina jin kukanta da na jaririya a haɗe. Ita ma ba ta da kalmar. Muna haka jirgi ya yi nisa da gaɓa, layi ya yanke.

Na gangara wurin ma'aikatan jirgin na yi wa wata mata bayani. Ta ce ba matsala, suna da ma'aikaciyar jinya, yarinya ce mai kirki, yanzu za ta zo inda yake zaune. Na hasko 'yar Baturiya ta tsuguna gaban Alhaji cikin jama'a tana tambayarsa da ƙarfi, ni kuma ina tsaye ina fassara. Ina! Na ce mata ta bari, ya ma ji sauƙi. A hanyar dawowa na ga wani dattijo Balarabe da carbi a hannu, na ce yawwa, ga tsaransa, ga Musulmi, shi ba surukin kowa ba ne. Na bi shi har bakin matakala, na yi masa sallama, ya amsa ya tsaya yana jirana. Abin da ya fito daga bakina shi ne wai ina alƙibla. Ya nuna mini, na yi godiya.

Wajen la'asar Alhaji ya dafa kujera ya miƙe. "Malam, ina makewayi yake?"

Na wuce gaba da sakoshin a kafaɗa kamar tawa ce, na ajiye ta cikin makewayin kamar mantuwa, na fito na tsaya a bakin ƙofa. Ya shiga ya rufe. Ina jin motsinsa. Na ji zif ya buɗe, na ji wani abu na roba ya faɗi ya gangara, na ji numfashinsa yana fita da ƙyar, irin na wanda ke son kai hannu inda ba ya kaiwa. Can na ji ya ce, "La haula wa la ƙuwwata," a hankali. Hannuna yana kan mariƙin ƙofa. Ƙwanƙwasawa ɗaya ce ta rage, in ce Alhaji ga ni. Ban ƙwanƙwasa ba. Wani Bature ya zo yana jira, na nuna masa wani makewayin da fushi kamar shi ya yi mini laifi.

Alhaji ya fito jiƙe sharkaf da gumi, hula ta karkace, ya miƙo mini sakoshin bai dube ni ba. "Ka manta jakarka."

"Sannu, Alhaji."

"Yawwa, Malam."

Yana jan ƙafar hagu muka koma. A zaune ya yi salla. Ni ma na yi tawa, amma ban san abin da na karanta ba.

Da tsibirin ya fara bayyana mutane suka tashi suka cika tagogi. Duwatsu ne shuɗɗa-shuɗɗa, sun taso daga cikin ruwa kai tsaye, ƙauyuka maƙale a jikinsu. Abin da Baturen gyada ya yi ta ba shi labari ke nan, abin da ya sa ya ƙi komawa ke nan. Na saci kallonsa. Idonsa a rufe, hannunsa dafe da mara, ko juyowa bai yi ba. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Muna sauka na kira lambar ma'aikacin jinyar. Na'ura ce ta amsa, wai sai Litinin. Na sake kira, ita ce dai. Masaukin da ƙanin matata ya kama mana kuwa ba a bakin teku yake ba, wani ƙauye ne can saman dutse, don wai ya fi kyan kallo. Allah ya shirye shi. Na ce a raina mu dai kai masauki, in mun kai masauki zan san abin yi. Ni kaina na san barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, amma na taka mota.

Hanyar kuwa ba a magana. Siririya ce, kwana kan kwana, dama dutse, hagu rami har teku. Duk kwanar da na sha sai in ji ya damƙi bayan kujerata. Na rage gudu har wata ƙaramar mota ta yi mini oda ta wuce. A madubi ina ganin gumi yana bin gemunsa yana ɗiga kan rigar. Ba ya nishi, haƙora kawai ya datse.

Can sai na ji muryarsa. "Malam."

"Na'am, Alhaji."

"Ku mutanen Maraɗi ne gaba da baya?"

Wallahi daɗi na ji. Na ce to, ko sauƙi ya samu har yana neman hira. Tun da nake da shi bai taɓa tambayata abin da ya wuce lafiyar iyali ba. Sai na gyara zama na kama ba shi tarihi: mu Katsinawa ne na asali, kakan kakanmu da sarauta ya fito daga Katsina, unguwarmu kaza, gidanmu kaza, har yau ana buga mana tambari in an yi biki. Ya bari na gama.

"Babu Bafulatani ko ɗaya a danginku?"

"Babu, Alhaji."

Muka sha kwana. Na ji ya ja numfashi ta haƙori.

"Ko ta wajen uwa? Ko can nesa?"

"Wallahi babu, Alhaji. Mu ba mu haɗa jini da kowa ba."

Har da rantsuwa, jama'a. Har da ɗaga kai.

"To," ya ce. "Allah mai iko." Bai ƙara ba.

Na ci gaba da tuƙi ina mamakin tambayar. Me ya kawo Fulani a saman dutsen Korsika? Ko zazzaɓin ne ya fara taɓa masa kai? Na ɗaga ido na dubi madubi don in tabbatar, ranar ne na fara kallon fuskarsa da kyau. Tsagen Barebari ne a kumatunsa, dogaye, tun daga gefen ido har haɓa. Na san Babarbare ne, kowa ya sani, amma ban taɓa kawo abin a raina ba. Sai a lokacin na gane.

Babarbare da Bafulatani ai babu kunya tsakaninsu. Abokan wasa ne tun kaka da kakanni, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa. Yaron Bafulatani zai tsaya gaban dattijon Babarbare ya faɗa masa abin da ya ga dama, a yi dariya a wuce. Babu abin da ɗaya zai gani a jikin ɗaya ya zama abin magana. Ashe ba hira yake nema ba. Mutumin nan, cikin azabar da yake ciki, ya zauna ya laluba ya samo hanyar da zan daina zama surukinsa, don ya iya neman taimako ba tare da ya zubar da girmansa ko ya kunyata ni ba. Ya miƙo mini ita har sau biyu. Ni kuwa ina can ina buga tambarin Katsina.

Ban taɓa jin na tsani kaina kamar lokacin ba. Yanzu kuma da wace fuska zan warware rantsuwa? Muka sake shan wata kwanar, na ji kansa ya bugi gilashi a hankali.

"Alhaji," na ce, muryata kamar ba tawa ba. "Na tuna. Kakar mahaifiyata... an ce Bafulatana ce. Daga ruga aka auro ta."

Ƙarya ce tsagwaronta. Matar nan Bakatsiniya ce har ƙashinta, Allah ya jiƙanta, ya yafe mini.

Na ce shi ke nan, na makara, ya yi fushi. Sai na ji an daki bayan kujerata da tafin hannu.

"Na sani! Wallahi na sani! Tun da na ga tuƙin nan na ce wannan ba direba ba ne, makiyayi ne. Ga rantsuwar ƙarya kamar ruwa. Ashe bawana na ba 'yata ban sani ba. Kai, tsaya nan! Tsaya, na ce, ɗan ruga!"

Akwai ɗan fili a gefen hanya, da guntuwar katangar dutse, ƙasa can teku. Na tsaya. Babu kowa sai kukan tsuntsaye.

"Zo ka buɗe wa ubangidanka ƙofa. Kuma ka ɗauko jakar nan da kake ta yawo da ita tun safe kana yi kamar ba ka san abin da ke ciki ba."

Ashe ya san na sani. Tun yaushe, Allah kaɗai ya sani. Na zagayo na buɗe ƙofar, ya juyo da ƙyar ya sauko da ƙafafunsa waje. Na durƙusa a kan tsakuwa. Durƙusawa gabansa ba baƙon abu ba ne a wurina, amma ban taɓa kai hannu jikinsa ba ko a musafaha sai da yatsu. Hannuna ya tsaya a bakin wandon.

"Me kake jira? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku da kuke tatsar saniya tun kuna goye, wannan ne zai gagare ka?"

Na naɗe wandon. Ƙwaurin siriri, fatar ta saki. Ledar ta cika ta yi tam, da zafi, igiyar da aka ɗaure ta da ita ta nutse cikin naman har wurin ya yi ja. Na ciro kwalbar roba daga sakoshin, na tara, na danna ɗan famfon ƙasa yadda aka gaya mini. Abu ne da yaro ƙarami zai iya da yatsa ɗaya. A kan wannan ɗan abin na bar shi tun tsakiyar teku.

Shi kuwa bai daina ba. Kansa a ɗage, idonsa a sama, yana ta sauke mini. Masu bin jelar shanu. Masu sirka nono da ruwa su rantse da Allah. Waɗanda ba su san gado ba sai gindin itace. Muryar tana rawa, wani lokacin ta yanke sai ya haɗiye ya ci gaba. Na gane yana yi ne don kada shiru ya shiga tsakaninmu, don in shiru ya shiga, ƙarar abin da ke zuba cikin kwalba kaɗai za mu ji.

"Ka rama mana! Wane irin Bafulatani ne ba ya ramawa? Ko an sayar da bakin?"

Idona ya cika, ina ganin kwalbar dishi-dishi. Na tattaro abin da ya rage mini na ce, "Ai da ma... da ma Babarbare ba ya iya komai sai ubangidansa Bafulatani ya zo."

"Kai! Ji ɗan banza!" Ya ƙyalƙyale da dariya har ya dafe ɗinkin. "Ji marar kunya! A ƙasar mutane ma sai ka nuna hali."

Hawayena suka ɗiga kan hannuna, na bar su, don ba ni da hannun sharewa. A hankali na ji jikinsa ya saki. Ƙafar da ke ƙandare ta kwanta, numfashinsa ya daidaita. Na rufe famfon, na sassauta igiyar na matsar da ita daga inda ta ci, na goge wurin da auduga, na sauke wandon. Ya ce in miƙo ruwa. Na murɗe murfin na riƙe masa gindin kwalbar saboda kyarmar hannun, ya sha, ya huta, ya sake sha, ruwan yana bin gemunsa. Sannan ya juya ya dubi teku. Ya daɗe yana kallo, yana buɗa hanci yana shaƙar iskar da ke tasowa daga cikin ciyayi.

Da ya sake magana ba da muryar wasa ba ce. Bai kuma dube ni ba.

"Sau biyu na tambaye ka," ya ce. "Na riga na ƙudurta ba zan yi ta uku ba. Da ba ka tuno tsohuwar nan ba, da haka zan zauna a kujerar nan, ko da nan ne ajalina."

Ina durƙushe, ɗaya kwalbar a gabana kan tsakuwa da sauran ɗuminta, na rasa inda zan sa idona. Kafin in ce ya yafe mini, ya riga ni.

"Tashi ka zubar," ya ce. "Rana za ta faɗi ba mu kai ba."